Canjin Fankar Hita a Tsohuwar Mota: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Wannan gargaɗi na mai tsohuwar mota ne, da kuma yaron da ke koyon aikin waya a gareji. In kana riƙe da Peugeot 504 irin wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, ko Mercedes W123 ta tsakanin 1976 da 1986, ko W124 da ta gaje ta, wadda muke kira V-Boot, to ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki sukuddireba.

Mutane da yawa sun raina fankar nan ta ciki, wadda masu gyara ke kira bulowa. Wai mu da ke fama da zafi me za mu yi da hita. Mai faɗin haka bai taɓa kama hanya da asuba daga Jos a watan Janairu ba, kuma bai san cikin motarsa ba. Fanka ɗaya ce a akwatin hita. Ita ke turo ɗumi, ita ke turo sanyin esi, ita ce kuma ke hura gilashin gaba in ruwa ya sauko gilashin ya yi gumi daga ciki. Ranar da ta mutu za ka tsinci kanka a titi cikin ruwan Agusta, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana goge gilashi da hula, ga tirela tana tahowa.

Sai maganar wuta. Fankar tana cikin abubuwan da suka fi jan wuta a cikin mota. A babban gudu takan ja fiye da amfiya 10, in kuwa ta tsufa ta yi tauri sai jan ya ƙaru. Wayoyin da ke ɗauke da wannan wuta sun shekara talatin ko arba'in suna shan zafi a bayan dashbod, soso da roba da kafet kewaye da su. Na ga motar da mai ita ya lallaɓa shekara da shekaru ta ƙone ƙurmus, sanadin waya guda da aka murɗa da yatsa aka naɗe da leda. Aikin kansa ba shi da wuya, ɗana. Sakaci ne ke mayar da shi asara.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka tabbatar injin fankar ne ya mutu kafin ka nemi wani. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, laifin na wani wuri ne. Fara da fis. In fanka tana aiki a babban gudu kaɗai, ƙananan sun ɗauke, rizista ce ta ƙone, ka ƙyale injin. In ko ɗaya ba ya aiki, duba makunni da wayar da ke ɗaure a jikin bodi, domin tsatsa a gindin wayar nan kaɗai ta isa ta kashe fanka. Zare soket, ka sa mita ko ƙwan gwaji, ka kunna. In wuta mai ƙarfin bolt 12 ta iso bakin soket, wayar bodi kuma tana da kyau, amma fanka ta ƙi motsi, a nan ne za ka tuhumi injin. In sai ka ɗan bubbuga akwatin take tashi, kabon ɗin ciki ya cinye. In tana kuka ƙiii da sanyin safiya, bushin ya bushe. A V-Boot akwai wani fis na daban na fanka, siririn ƙarfe mai amfiya 30, yakan tsage tsaga siririya da ido ba ya saurin gani. Kwance shi ka duba a hannunka.

2. Da ka gama gwaji, cire kan batir na negatif. Shi ne farkon cirewa, shi ne ƙarshen mayarwa. In ka fara da fozitif sifana ta taɓa bodi, tartsatsin zai ƙona maka hannu, batir ma yana iya fashewa.

3. Cire zobe da agogon ƙarfe. Zoben da ya haɗa waya da bodi yakan yi ja a yatsa kafin ka iya zare shi.

4. Ajiye tukunyar kashe gobara inda hannunka zai kai. Wadda ke kulle a but ba za ta cece ka ba.

5. Ka san inda fankar motarka take kafin ka kwance komai. A W123 tana ƙarƙashin dashbod, sama da ƙafar fasinja, ana cire murfin ƙasa a sauko da ita. A W124 tana waje, a gindin gilashin gaba, sai an cire waifar nan guda ɗaya da injinta kafin a kai gare ta. Wanda bai tambaya ba shi ke yaye dashbod gaba ɗaya yana neman abin da ke ƙarƙashin bonet.

6. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, sukurori kuma ka zuba na kowane murfi a gwangwaninsa. Dogon sukuru a ramin gajere yana huda abin da ke bayansa.

7. Tafi kasuwa da tsohon injin a hannunka. Ko Kofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, kada ka dogara da sunan mota kawai. Mota iri ɗaya takan fito da fankar kamfanoni daban-daban, mai esi daban, marar esi daban. Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe. Dubi lambar da ke jiki, tsawon sanda da kaurinta, bakin soket, da ɓangaren da fikafikan kwandon fankar suka fuskanta. Ka kuma tambaya daga wace mota aka ciro shi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, sitiyarinmu yana hagu, amma kayan gwanjon da ke zuwa daga Ingila na motoci masu sitiyari a dama ne, akwatin fankarsu yakan zama a juye.

8. Gwada shi kafin ka biya. Juya sandar da yatsa, ka girgiza ta gefe da gefe. In tana kaɗawa ko tana cijewa, mayar masa da kayansa. Sannan a ɗaure shi da kyau a sa masa wuta ta wayar da ke da fis, domin inji yakan yi tsalle in wuta ta shige shi. Mai kaya da ya hana ka gwaji ya san abin da yake sayarwa.

9. Rufe hanci da baki, sa safar hannu, sannan ka share akwatin. Yawancin motocin nan ba su da matatar iska ta ciki, ƙurar hunturu ta shekaru tana kwance a wurin. Motar da ta daɗe a ajiye kuma gidan ɓera ce. In ka tarar da sheƙa da kashinsu, yayyafa ruwa mai bilic ya jiƙe kafin ka kwashe. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma duk abin da ka bari a ciki fanka za ta hura shi a fuskar iyalinka.

10. Buɗe magudanan ruwa na gindin gilashi. Ganyen darbejiya da laka su ke toshe su, ruwa ya taru ya gangara kan fanka. In ka bar su a toshe, damina ɗaya ta ishi sabon injin.

11. Tun da akwatin yana buɗe, dubi ƙaramin lagireton hita. Jiƙaƙƙen kafet, ko wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko maiƙo a cikin gilashi, duk alamar yoyo ne. Gyara shi yanzu, ko ka sake wannan wahala nan da wata biyu.

12. Yi alama a sanda daidai inda tsohon kwandon ya tsaya kafin ka zare shi. In sabon ya shige fiye da kima ko ya yi waje, zai riƙa gogar akwati. Bayan ka ɗaura, juya shi da hannu zagaye uku ka saurara. Ko ɗan ƙaramin gugar da ka ji, kwance ka gyara.

13. Dubi soket da rizista da idon basira. Robar da ta yi baƙi ko ta narke, da bakin ƙarfen da ya saki, a canza su. Haɗin da ya saki shi ke yin zafi, zafin ne kuma ke zama wuta.

14. In dole ka haɗa waya, sa mai kauri daidai da ta asali ko fiye, ka kama ta da dalma ko da maƙalin ƙarfe da aka matse da filaya, ka rufe da tef mai kyau. Siririyar waya a layin fanka ita za ta fara narkewa.

15. Sabunta soson da ke bakin murfi da bakin bututun iska. Tsohon ya zama gari, iskar za ta zurare bayan dashbod ba ta kai gilashi ba.

16. Gwada kowane gudu da kowace kafar iska kafin ka rufe. Bar ta a babban gudu kamar minti goma, sannan ka taɓa fis da soket. Ɗan ɗumi ba laifi. In sun yi zafin da ba ka iya riƙewa, aiki bai ƙare ba, kada ka ɗaura murfi a kan matsala.

17. In wani ka ba aikin, tsaya a kansa, kuma ka karɓi tsohon kayanka. Abin da aka ɓoye a bayan dashbod ba ka ganinsa sai ya yi hayaƙi.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka sa fis ɗin da ya fi wanda aka rubuta a murfin akwatin fis. Wannan shi ne babban laifi, shi ne kuma aka fi aikatawa. Fis yana ƙonewa ne don waya ta tsira. In ya ƙone ka sa sabo ya sake ƙonewa, yana gaya maka ne fanka tana jan wutar da ta wuce ƙima, ko wata waya ta goge tana taɓa bodi. Fis ɗin tsofaffin Mercedes, masu kama da ɗan harsashi, launinsu ke nuna ƙarfinsu: rawaya amfiya 5, fari 8, ja 16, shuɗi 25. Wanda ya cire ja ya sa shuɗi don ya huta ya mayar da ƙonewar kan akwatin fis da wayoyin da ke bayansa. Balle mai naɗa zaren waya, ko takardar azurfa ta kwalin sigari, ko ƙusa. Na sha buɗe akwatin fis in tarar robar ta narke ta zama dunƙule, mai mota yana rantsuwa bai san dalili ba, ga kuma zaren jan ƙarfe naɗe a gurbin fis. Neman akwatin fis na motar da aka daina ƙerawa, da sake jera wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ninka kuɗin fanka sau da yawa. Haka ake garin neman gira a rasa ido.

2. Kada ka jawo waya kai tsaye daga batir zuwa fanka, ka sa mata makunnin gida a gefen sitiyari. Wayar da ba fis a kanta tana da wuta dare da rana, ko mota tana kashe, ko kana barci, ko tana ajiye kusa da ɗakin yara. Ranar da gefen ƙarfe ya cinye robarta, babu abin da zai tsayar da wutar. In makunni na asali ya lalace, a gyara shi ko a nemo irinsa.

3. Kada ka kunna fanka rizista tana rataye a waje. An dasa ta cikin hanyar iska ne don iskar ta sanyaya ta. A waje takan yi ja, ta ƙone, ta ƙona abin da ta taɓa.

4. Kada ka juya wayoyin inji. Zai yi ta juyawa da baya, kuma abin da ke ruɗin mutane shi ne kwandon zai ci gaba da turo 'yar iska. Sai ka ji ƙara mai yawa, iska kaɗan, ka ce sabon injin ba shi da ƙarfi. In motarka tsohuwar ƙirar Ingila ce ta kafin tsakiyar shekarun 1960, duba da kyau, da yawansu fozitif ne ke ɗaure a bodi. Tsofaffin Volkswagen Beetle kuma na farkon shekarun 1960 batirinsu bolt 6 ne. Kayan bolt 6 a layin 12 ƙonewa yake yi.

5. Kada ka bugi sanda da guduma, kada ka ɓamɓari kwando da sukuddireba ta gefe ɗaya. Robar ta tsufa, ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Tallafe cibiyarsa, ka ɗiga ɗan mai, ka tura sandar a hankali. Sau da yawa kwandon ya fi injin wuyar samu.

6. Kada ka cire ƙananan ƙarafan da ke maƙale a fikafikan kwando. Ba datti ba ne, da su aka daidaita nauyinsa. In babu su fanka za ta yi ta girgiza har ta cinye sabon bushin.

7. Kada ka cusa giris ko baƙin mai a cikin injin fanka. Ɗigo biyu na man keken ɗinki a kowane bushin ya isa. Mai in ya hau inda kabon ke gogawa, sai ya haɗu da ƙura ya kashe injin.

8. Kada ka ja murfin dashbod da ƙarfi. In ya ƙi fita, akwai sukurun da ba ka gani ba. Robar da ranar Kano ta gasa shekara arba'in ba ta yafiya, kuma ba shagon da za ka je ka sayo sabuwa.

9. Kada ka kwance tiyon hita injin mota yana da zafi. Ruwan yana matse a ciki, zafinsa yana iya wuce digiri 100, kai kuma kana kwance ƙarƙashinsa fuska a sama. In akwai ruwan sanyaya inji mai launi a ciki, tare shi a roba ka kawar. Guba ne mai zaƙi, yaro ko dabba in suka sha yana lalata ƙoda.

10. Kada ka taɓa bututun esi. Canjin fanka bai shafe su ba. Gas ɗin in ya feso yana daskarar da fata, yana makantar da ido. Motocin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990 da gas R12 suka fito, wanda aka daina amfani da shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma in ya haɗu da harshen wuta yana zama hayaƙi mai guba. Saboda haka ba ashana, ba sigari, ba walda kusa da wurin.

11. Kada ka sa yatsa cikin ƙarafan waifar V-Boot batir yana haɗe. Injinta yana da ƙarfin da zai murƙushe yatsa in ya motsa.

12. Kada ka soka mita ko ƙwan gwaji a wayar da ba ka sani ba, musamman a motar da ke da jakar iska ta kariya. Wasu W124 suna da ita a sitiyari, wasu har gaban fasinja. Wutar ƙwan gwaji tana iya tayar da ita kanka yana wurin.

13. Kada ka bar rami a buɗe a bangon da ya raba inji da cikin mota. Duk robar da ka cire don wuce waya, mayar da ita. Ta nan hayaƙi ke shiga, fanka ta raba shi ga kowa. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin mota ba ta da wari, ba ta da launi, ciwon kai da barci kawai take sawa. Don haka ma kada ka tayar da inji a rufaffen gareji kana gwaji, ko na minti biyar ne.

14. Kada ka yanka akwati don ka cusa fankar wata mota. Za a ce maka ta Toyota ta fi ƙarfi, kuma ta fi araha. In ta fi jan wuta, makunni da rizista da wayoyin motarka ba don ita aka yi su ba. Akwatin da aka yanka kuma ba ya komawa, darajar motar ta faɗi ke nan.

15. Kada ka jefar da tsohon inji. Mai rewaya da ya san aikinsa zai sa masa sabon kabon, ya goge inda yake gogawa, ya ba bushin mai, ya koma aiki. Na asali da aka gyara yakan fi sabon da ba a san wanda ya ƙera shi ba.

16. Kada ka yi aikin nan da dare da fitilar waya a baki, ko ana gobe za ka yi tafiya. Gaggawa ce ke barin soket a sake da waya a matse ƙarƙashin murfi.

17. Kada ka ci gaba da tafiya in ka ji warin ƙonewar roba, ko ka ga hayaƙi yana fitowa ta kafar iska. Kada ka ce bari in ƙarasa gida. Kashe fanka, sauka gefen titi, kashe mota, fitar da kowa, yara tukuna. In hayaƙin na cikin dashbod ne kuma bonet bai yi zafi ba, buɗe ka cire kan batir na negatif. In daga ƙarƙashin bonet yake fitowa, kada ka wangale shi, iska za ta hura wutar a fuskarka. Ɗaga shi kaɗan ka fesa ta kafar. In wutar ta fi ƙarfin tukunya, ja da baya da mutanenka ka bar motar. Sifanar da ta dace da notin kan batir kuwa, a aljihun ƙofar direba za ka ajiye ta daga yau, kuma ka nuna wa duk mai tuƙa motar inda take.